Tsibirin da Alhaji Mamuda Ya Ce Akwai Araha

Dala dubu ɗaya Alhaji Mamuda ya ce za ta riƙe mu wata guda cur a tsibirin Kubrus, da haya da cefane da wuta da makarantar yara, har a samu rarar sayen nama. A falonsa na Germantown ya faɗi haka, yana kishingiɗe yana jan carbi, maigidana Nura yana zaune a ƙasa kan kafet ya sunkuyar da kai. Ni kuma ina tsaye bakin ƙofar kicin da faranti a hannu, na kasa kunne.

Bari in faɗi ko wane ne Alhaji Mamuda kafin a ce mu wawaye ne. Shi ne mai masaukin kusan duk Bahaushen da ya sauka a wannan yanki na Maryland. Nura kansa a ɗakin ƙasa na gidansa ya yi watanninsa na farko a Amurka, shi ya nuna masa inda ake hawa jirgin ƙasa, shi ya tsaya masa ya sami gidan haya. A wurinmu kuwa mai masauki uba ne, ba a musu da shi, ba a ce masa ya kawo shaida. Sana'arsa sayen tsofaffin motoci yana turawa Kwatano, amma abin da aka fi saninsa da shi ajiya ce. Masu gudun kuɗin ruwa na banki, da waɗanda ba su da takardun buɗe asusu, da masu tara guzurin Hajji, duk hannunsa suke kai kuɗinsu. Ba rubutu, ba sa hannu. Ka durƙusa ka miƙa, ya ce Allah ya sa albarka, shi ke nan.

A lokacin muna cikin halin ni-'yasu. Kamfanin kwamfutar da Nura yake wa aiki ya rage ma'aikata, ya koma tuƙin tasi a Washington, ga digirinsa na injiniya a akwati. Ni ina aikin kula da tsofaffi a Gaithersburg, in yi wa wannan wanka in ba wancan magani. 'Ya'yanmu uku, Sadik da Hanifa, sai Ummi da ke goye. Manyan biyun in ka yi musu Hausa su amsa maka da Turanci, abin da ke hana Nura barci ke nan. Alhaji ya san inda ciwon yake, nan kuwa ya danna. Ya ce arewacin Kubrus, can tsakiyar Bahar Rum, Turkawa ne Musulmi, ana kiran salla, nama duk halal ne, jami'a kuma kamar kyauta. Nura ya je ya ƙaro karatu ya dawo dakta, yara su tashi da tarbiyya.

"Baba, wannan lissafin har da iyali?" in ji Nura.

Bai ce mu biyar ba. Mu ba ma ƙirga 'ya'ya a gaban mutane, kunya ce, wasu ma suna tsoron baki. Da "iyali" ya rufe tambayar, Alhaji kuma ya shige ta wannan kafar.

"Iyali ai tukunya ɗaya ce, Nura. Inda ɗaya ya ci, saura ma sa ci. Kowane yaro da arzikinsa yake zuwa."

Na kasa haƙuri na ce, "Baba, ita hayar kaɗai nawa ce?"

Nura ya watso mini harara. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Rabi 'yar lissafi! Amurka ta koya muku ƙididdigar ƙwayar shinkafa. Ki bar wa Allah, 'yata." Na ja bakina na koma kicin, har yau ina jin haushin wannan shirun nawa.

Abu ɗaya na riƙe da ƙarfi, shi ne maganar girin kad, katin da ya ba mu izinin zama. Yara haifaffun ƙasa ne, amma ni da Nura da katin muke zaune, kuma in mutum ya shekara a waje bai taka Amurka ba, katin ya mutu. Alhaji ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, mu riƙa zuwa hutu kafin shekara ta cika. Kuɗin da muka daɗe muna tarawa don sayen gida, ya ce kada mu yi yawo da su a ƙasar da ba mu sani ba. Muka ɗauki na 'yan watanni, sauran Nura ya durƙusa ya miƙa masa, a kan zai riƙa aiko mana duk wata, ya kuma saya mana tikitin dawowa in lokaci ya yi.

Muka sauka a wani gari da ke bakin teku ana ce masa Magusa, cikin watan Satumba. Tekun yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Wani ɗalibi ɗan Katsina da Alhaji ya haɗa mu da shi ya tarbe mu, ya kalli akwatunanmu, ya kalli yara, ya ce, "Yaya, da su duka kuka zo?"

Washegari ya kai mu wurin mai gidan haya. Nan muka fara karatun da ba a jami'a ake yin sa ba. Ashe a can ba da kuɗin ƙasar ake biyan haya ba, da fam ɗin Ingila ne. Kuma ba wata-wata ba, na wata shida za ka zube a dunƙule, ka ɗora na wata biyu jingina, ka ɗora la'adar dillali, sannan ka sa hannu a kan ka ɗauki gidan na shekara guda ko ka zauna ko ka tafi. Ɗaki biyu da falo, a hawa na uku. Kafin mu sha ruwan garin, fiye da rabin abin da muka zo da shi ya tafi.

Ruwan ma da na ambata, na famfo gishiri ne, ko shayi ba ya yi. Mota ce ke yawo da manyan goruna kana saya, mu biyar gora ɗaya ba ta kwana biyu. Girki da tukunyar gas ne, ita ma saye. Makarantar gwamnati kyauta ce, gaskiyar Alhaji ɗaya ke nan, sai dai da Turkanci ake koyarwa. Sadik ya yi mako biyu yana zuwa yana dawowa da kuka, ba ya jin malami malami ba ya jin sa. Ta Turanci kuwa ta kuɗi ce, kuɗin yaro ɗaya a wata ya kusa cinye abin da aka ce zai riƙe gidan gaba ɗaya. Haka muka cije muka sa su. Jami'ar Nura yuro take karɓa. Kasuwa da lira, kuɗin Turkiyya. Mu kuma dala ke hannunmu. Duk lokacin da kuɗi suka ratsa hannun mai canji sai an yanke musu kunne, na zama kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Kiran salla dai akwai, daga masallacin unguwa har cikin ɗakinmu. Amma in ka je sai ka tarar da tsofaffi kaɗan da ɗalibai baƙi, ga shagon giya a kusurwar layi. Na dubi Nura na ce, "Baban Hanifa, ga tarbiyyar nan fa muna ta kwasa." Ya ce in ji tsoron Allah.

Wata ranar Juma'a na dafa shinkafa na kira ɗalibin nan da abokansa 'yan gida, don na ga yunwa a idonsu. Suna ci na tambaye su nawa suke kashewa a wata. Ɗan Katsinan ya faɗa, na ga abin bai yi nisa da na Alhaji ba. Na ce to yaya aka yi namu ya ninka uku?

Ya ce, "Anti, ai mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, taliya muke ci safe da yamma. Wannan lissafin na gwauro ne. Ni na faɗa wa Alhaji da bakina da ya tambaye ni, sai ya ɗan ɗora wani abu a kai."

"Ya taɓa zama a nan?"

"Ya zo sau ɗaya, kwana kaɗan. Makaranta ce ta sauke shi a otal. Ai duk ɗalibin da ya turo akwai kasonsa."

Na ajiye ludayi na dubi Nura. Wato an sayar da mu ne kamar yadda ake sayar da tsohuwar mota, a wanke ta a shafa mata mai a tura ta ƙetare. Nura ya ce kada in yi wa dattijo mummunan zato, wataƙila bai sani ba. Ran nan na fara ƙin Alhaji Mamuda, ƙiyayyar da ban taɓa yi wa wani mahaluƙi ba.

Sai hunturu ya shigo. Wanda ya sha dusar ƙanƙarar Maryland zai ce sanyin Kubrus wasa ne, to a Maryland gidaje da ɗumi. Can gidan siminti ne da tayil, an gina shi don zafi, iskar teku tana shigowa ta ko'ina. Bango ya jiƙe, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bayan gado. Muka kunna hita wata guda, da takardar kuɗin wuta ta zo sai da Nura ya zauna. Muka kashe, muka koma kwana ɗaki ɗaya da rigunan sanyi. Hanifa ta kama tari mai sarƙe numfashi, asibiti ya buɗe nasa bakin.

Ba zan ce ba mu ga alheri ba. A ƙasanmu akwai wata tsohuwa Baturkiya mai suna Emine, ba ta jin Turanci ba na jin Turkanci. Wata rana na wuce na ga ta ciro busasshen ganye daga buhu, na tsaya na shinshina, wallahi lalo ne, lalon da muke miya da shi a Kano. Na buga ƙirji na ce namu ne, ta buga nata ta ce nasu ne, muka yi ta dariya. Ta cika mini leda. Daga ranar ba ta yin girki ba ta aiko wa yara ba, ga lemo daga bishiyarta, ga gwaza, don su ma suna cin gwaza. Da ta ji tarin Hanifa sai ta hawo da tsohuwar hitarta ta gas a hannu, tana haki, ta ajiye ta juya. Na tsaya a bakin ƙofa ina hawaye, wadda ba mu haɗa komai ba ta ji tausayinmu, wanda muke kira Baba yana can yana lissafin kasonsa.

Wata biyu na farko Alhaji ya aiko da kuɗi. Na uku ya aiko da rabi. Daga nan sai labari. Yau motoci sun maƙale a tashar jirgin ruwa, gobe mutumin Kwatano ya yi tafiya, jibi waya ba ta shiga. In Nura ya same shi, sai ya share rabin katin waya yana gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi, sannan a ƙarshe ya ce, "Baba, dama batun ɗan abin nan ne." Ɗan abin nan! Gumin shekarunmu ne ya koma ɗan abin nan. Alhaji ya ce a ƙara haƙuri, Nura ya ce ba komai Baba.

Wata shidan haya suka ƙare, mai gida ya zo karɓar na sauran shidan. Babu. Jami'a ta rufe wa Nura rajista saboda bashi, takardar zamansa ta ɗalibi ta tsaya, tara ta fara hawa kansa kullum. Na cire yara daga makaranta. Nura ya shiga wankin kwanuka a wani gidan abinci a ɓoye, abin da ake ba shi ko ruwa da gas ba ya kaiwa. Mai gida ya kai ƙara, da yake Nura ne ya sa hannu, kotu ta ce ba zai bar tsibirin ba sai ya biya.

Muna cikin wata na tara na sayar da sarƙata da awarwaron aurena, kuɗin ya ishi tikitina da na yara. Nura ya raka mu filin jirgi, ya rame har wandonsa na zamewa. Ya ce, "Ki bi Baba a hankali, Rabi. Kada ki yi masa rashin kunya." Na ce to. A raina na ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Saura wata uku katinsa ya mutu.

A Beltsville muka sauka, a ɗakin ƙasa na Anti Memuna, wata 'yar zangon Kumasi mai kitso da muka saba tun da. Ba ta tambaye ni ko sisi ba, ta shimfiɗa mana katifa ta dafa wake da shinkafa. Na koma aikin tsofaffina, amma abin da ake bin Nura ba abin da albashin wata uku zai biya ba ne.

Na bi Alhaji a hankali kamar yadda aka ce. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa ranar da shekara za ta cika. Ya ce in sha Allahu mako mai zuwa. Na koma, ya ce motoci na kan ruwa. Zuwa na uku ya haɗe rai ya ce, "Ke Rabi, da mijinki na yi magana ba da ke ba. Mace ba ta zuwa karɓar ajiyar namiji. Tun bai iya hawa bas ba nake riƙe da shi." Ina fitowa na ga sabuwar mota a ƙofar gidan, ta ɗansa ce da ya gama sakandare. Na zauna cikin tawa motar, na kasa tayar da ita.

Na faɗa wa Anti Memuna tana tsaka da kitso. Ta tsaya da tsinke a hannu ta ce, "Ei, Rabi! Kuɗin Makkana ma suna wurinsa fa. Bara na ce ya ba ni kaɗan, sai da ya yi wata guda, kuma ranar da ya ba ni, ranar mijin ƙawata Zainabu ya kai masa nasa."

Nan na gano bakin zaren. Ajiyar ba ajiya ba ce, hular wannan yake sa wa wancan. Abin da ya rufa masa asiri shekara da shekaru kunyarmu ce. Ba mai tambayar ajiyarsa sai da babban dalili, ba mai faɗa wa wani ya tambaya, kuma ba a taɓa samun mutum biyu sun tambaya rana ɗaya ba. Na ce to za a samu.

Ban je wurin maza ba, na san duk irin Nura ne. Shagon kitson Anti Memuna kuwa babu matar da ba ta zama a cikinsa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Ghana, matan likitoci da matan direbobi. Ban zagi Alhaji ba ko sau ɗaya. Labarin Kubrus kawai nake bayarwa, in faɗi kuɗin ruwa, in faɗi fumfunar bango, in faɗi yadda na baro mijina. In mace ta yi salati ta gama, sai in ce, "Ke naku lafiya lau yake ko? Yaushe rabon da maigidanki ya gan shi da ido?" Ba na ƙara komai. Na san ranar ba za a yi barci da daɗi a gidan ba.

Babbar Salla ta matso. Al'ada ce bayan Idi kowa ya wuce gidan Alhaji gaisuwa, maza a falo mata a ciki. Muka shirya da matan cewa ranar kowa zai nemi nasa, kowa da uzurinsa mai kyau. Ni na so a yi a ranar, gaban jama'a, cikin babbar rigarsa. Ina so ya ji abin da Nura ya ji a gaban mai gida.

Aka ci nama aka yi addu'a. Mazan suka yi ta kallon juna, ba mai son farawa. Sai Anti Memuna ta yaye labule ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Alhaji, barka da Salla. Ina so in biya kujerar Makka ta baɗi. A taimaka mini da ajiyata."

"To, to, Memuna, ma yi magana."

Wani direba ɗan Damagaram ya gyara murya ya ce shi ma za a yi wa mahaifiyarsa aiki a asibiti. Wani ya ce ya sami fili a gida. Wani ya ce auren ƙanwarsa. Duk cikin ladabi, kowa da "Baba" a bakinsa, kowa kansa a ƙasa. Da na shida ya yi magana carbin Alhaji ya tsaya. Ya ɗaga kai yana neman fuskar da zai jingina da ita, sai idonsa ya faɗa cikin nawa ta gefen labule. Ban sunkuyar ba. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula, ga sanyin na'ura a falon.

Wani likita da ake ganin girmansa ya ce, "Baba, abin mai sauƙi ne. A faɗa mana ranar da kowa zai zo ya karɓa."

Alhaji ya share gumi. Ya ce, "Kuɗin suna cikin motoci." Ni kuwa wani sanyi ya ratsa zuciyata, ban taɓa cin naman Salla mai daɗin na ranar ba.

Dattawa suka zauna a kan maganar. Aka ce ya sayar da gidan da motocin a raba, kuma a fara da namu tunda akwai wa'adi. Amma gida ba tumatir ba ne da za a sayar a yini ɗaya. Na yi ta safa da marwa tsakanin Beltsville da Germantown, kullum ana cewa takardu. Mutane suka yi karo-karo, bai kai ba. Sanda kuɗin suka fito na tura, kotun can ma ta ja nata lokacin kafin ta sake shi. Ranar da Nura ya bar tsibirin, shekara ta riga ta wuce da 'yan makonni.

Ya iso Istanbul, ma'aikatan jirgi suka duba katin suka duba ranar da ya fita Amurka, suka ce ba za su ɗauke shi ba sai da izinin ofishin jakadancin Amurka. Ofishin jakadanci ya ce shi ya zaɓi zama a waje. Ya kira ni daga filin jirgin, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce, "Rabi, Kano zan wuce. Haka Allah ya rubuta." Ina riƙe da kwanon abincin wata tsohuwa a lokacin, na ajiye na shiga banɗaki na toshe bakina da tawul.

Na sake nema masa takardu daga farko. Shekara huɗu aka yi. Na yi aiki biyu, na kai yara makaranta, na kai Hanifa asibiti, na halarci taron iyaye ni kaɗai. Nura yana Kano yana koyarwa a wata makaranta, muna waya in layi ya yarda. Alhaji kuwa ya rasa gida, ya rasa motoci, ba mai kai masa ko kwabo ajiya, sababbin baƙi wasu gidajen suke sauka. Ya koma ɗan ƙaramin gidan haya wurin ɗansa. In an ba ni labari nakan ce Allah ya ƙara, ban taɓa ɓoyewa ba. Daga baya aka ce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Nura ya dawo da furfura a gemu. Sadik ya kusa kamo shi tsawo. Bai yi mako guda ba aka aiko cewa Alhaji yana son ganinmu. Na ce ba inda za ni. Nura ya ce, "Don girman Allah, Rabi. Mutum ne a bakin kabari." Na yafa mayafi na bi shi, na ɗauki Ummi don ba mai tsare mini ita.

Muka tarar da shi a kujerar guragu, bakinsa ya karkace, ga dattawa uku a zaune da matarsa. Nura ya durƙusa har ƙasa ya kama hannunsa. Alhaji ya fashe da kuka, da ƙyar maganar ke fita.

"Nura, na cuce ka. Ka yafe mini."

"Na yafe, Baba, duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Dattawa suka ce alhamdu lillahi. Sai duk idanu suka dawo kaina. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "To, Malama Rabi, saura ke. Allah yana son mai yafiya. Ga shi dai komai ya wuce, maigida ya dawo."

Kafin in buɗe baki Ummi ta ja mayafina. Ta gaji da zama, tana so a tafi. Ta nuna ubanta da yatsa, yana durƙushe yana share hawaye, ta tambaye ni da Turanci, da ƙarfi yadda yara ke yi, wai wannan baƙon yau ma a gidanmu zai kwana, yaushe zai koma gidansu?

Ba wanda ba ya jin Turanci a ɗakin. Nura ya sunkuyar da kai. Dattijon da ya ce komai ya wuce ya kama kallon tabarma.

Na miƙe na saɓa 'yata a kafaɗa, duk da ta wuce ɗauka. Na dubi Alhaji Mamuda ido cikin ido na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji."

Na fita na jira Nura a mota.